Yadda ake taka ƙasa daga Maraɗi zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo

In ka yi niyyar zuwa ziyara Sakkwato da ƙafa, fara da zaɓen hanya da lokaci kafin ka sayi ko da buta. Hanyar da nake bi, kuma ita nake ba kowa shawara, ita ce ta kwalta: Maraɗi, Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Tsarnawa, Ƙwanni, sannan ka tsallaka iyaka zuwa Illela, ka bi Gwadabawa da Kware ka faɗa Sakkwato. Daga Maraɗi zuwa Ƙwanni wajen kilomita 240 ne, daga Ƙwanni zuwa Sakkwato kuma bai kai 100 ba. Mai yin kilomita 20 zuwa 25 a yini, yana hutawa ranar Juma'a, ya ware sati biyu da 'yan kwanaki.

Tsofaffi za su ce maka akwai yanke, wadda ke gangarawa kudu ta Sabon Birni. Gaskiya ne, ta fi kusa, ita ce ma hanyar fatake a da. Kar ka bi ta. Tun 2019 mutanen wannan yanki suke gudowa ƙasar Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, kai kuwa ba ka da dalilin shiga inda masu wurin suke fita. Ko a kan kwaltar ma, kullum da safe ka tambayi direbobi da masu shayi abin da ke gaba. In aka ce wani tsakani ya lalace, ku shiga mota ku wuce shi, ku ci gaba da tafiyarku a gaba. Ba wanda ke riƙe da awo yana ƙirga muku taku.

Lokaci kuwa, bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. An kai gero rumbu, mutanen ƙauye suna da abin ba baƙo ba tare da sun rage na 'ya'yansu ba, rana ba ta da zafin kisa. Wahalar wannan lokaci ɗari ne da ƙurar hunturu, bargo da rawani suna maganinsu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma, ban yarda ko maƙiyina ya fita ba. Da damina koramu suna cikowa, musamman wajen kwarin Magiya, sauro ya yi yawa, kowa yana gona, ba mai lokacinka.

Abin dariya a nan, mu Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri, kakanninmu ma sun sha nufar Sakkwato da ƙafa, amma da kwari da baka. Sarautar Katsina ta dawo nan ne bayan jihadi ya kore ta daga birninta, Tibiri kuma an kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sakkwato ta ci Gobirawa. Yau jikokinsu ne ke tafiya da carbi. Kar ka yi mamaki in wani Basakkwace ya tsokane ka da wannan a zaure. Ka rama da dariya, tuwonsa dai za ka ci. Sannan ka sani a garinmu akwai malaman da ba su yarda da ɗaura kaya don ziyarar kabari ba, akwai waɗanda suka yarda. Je ka wurin malaminka ku gama wannan magana tun kana gida. Kar ka ɗauko ta cikin jaka ka riƙa kwancewa a masallatan mutane.

Ba a tafiya mutum ɗaya. Mutum huɗu zuwa shida ya fi daɗi: in kun yi yawa ba zauren da zai ɗauke ku, kuma ƙauye yana tsorata da taron baƙin fuska a wannan zamani. Ku naɗa shugaba tun daga gida, kamar yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mutum uku in sun fita tafiya. Ba sai mai kuɗi ko mai karatu ba. Ku zaɓi wanda ya iya gaisuwa, ba ya saurin fushi, wanda in ya ce a tsaya kowa zai tsaya. Ku ware ma'aji daban, kowa ya zuba jikkunan da aka yanka, da ɗan littafin da ake rubuta ko sukarin dala biyar. Rigimar tafiya ba ta wuce ta kuɗin shayi da ta sauri, kuma tana tasowa ne bayan 'yan kwanaki, lokacin da zumuɗi ya kwanta, gajiya ta zauna. Maganin ta sauri ɗaya ne: wanda ya fi kowa rauni shi ke gaba, saura su bi takunsa. Matasa ba sa son wannan doka. Su haƙura.

Kaya: tabarma ƙarama ko buzu, bargo mara nauyi, gidan sauro, buta, jarkar ruwa mai lita biyu, riga da wando kala biyu, safa, malfa, rawani, sanda, tocila, sabulu, aswaki, allura da zare, filasta, man kaɗe, katin ɗan ƙasa da takardar rigakafi cikin leda. In ka ɗaga jakar da hannu ɗaya ka ji tana jan kafaɗarka, zazzage ka rage. Babbar riga mai aiki da kake son sawa ranar shiga Sakkwato, ba wa direban da ka sani ya ajiye maka ita a Ƙwanni.

Yanzu ga inda maganar take, wato ƙafa. Wata guda kafin tashi ka fara takawa Tibiri ka dawo, da takalmin da za ka yi tafiyar da shi, da jakar a bayanka. Sabon takalmi ba ya zuwa ziyara. Ni kambas nake sawa wanda ya ɗara ƙafata kaɗan, domin ƙafa tana kumbura da rana, sai silifa na alwala da zaman dare. Akwai dattijon da muke tafiya da shi wanda bai san komai ba sai takalmin danƙo, kuma bai taɓa kuka ba, amma shi tafin ƙafarsa ya shekara sittin yana noma. Kai da kake yini a shago ko a kan babur, kar ka gwada kanka da shi. Wasu suna ƙunsa lalle kwanaki kafin tashi, suna cewa yana ƙarfafa fata. Ni ma ina yi, ban ga ya cuce ni ba. Yanke farce, amma kar ka yanke har nama.

A hanya, da ka ji wani wuri yana ɗan zafi a dunduniya ko tsakanin yatsu, tsaya nan take, ko da tafiya ta yi daɗi, ko da garin yana hange. Cire takalmi, kakkaɓe yashi, shanya ƙafar, manna filasta. Minti biyar ɗin nan shi ke hana bororo. In ya riga ya taso kuma ƙarami ne, rufe shi ka ƙyale. In babba ne yana hana taku, wanke hannu da wurin da sabulu, ƙona bakin allura, huda gefe ruwan ya fita, ka bar fatar a kansa, kar ka ɓare ta. Wurin da ya yi ja, ya yi zafi, ya fara ruwa, ko ka ji kaluluwa ta fito a matsematsi, wannan ya wuce allura, sai likita. Akwai asibiti a Gidan Rumji, da Madawa, da Galmi, da Ƙwanni. Mai ciwon sukari kuwa kar ya soma wannan tafiya sai likitansa ya yarda, don shi ƙafarsa tana iya rauni bai ji ba.

Bayan kowace alwala ka goge tsakanin yatsu su bushe kafin ka mayar da safa. Mutane ba sa ɗaukar wannan da muhimmanci, alhali ƙafa mai laima cikin takalmi ita ce ke saɓewa. Da dare a wanke ta, a shafa man kaɗe sosai saboda faso, hunturu yana tsaga dunduniya har ta yi jini, sannan a ɗora ta bisa jaka a kwanta. Ka shafa man a cinyoyi ma, inda wando ke goga. Ba a faɗin wannan a gaban jama'a, amma na ga ƙato yana tafiya a tale saboda kunyar tambaya. Ƙarangiya da tsidau suna nan a gefen hanya. Kar ka sauka daga kwalta ba takalmi, ko fitsari za ka. Da asuba ka kife takalmin ka bubbuga kafin ka sa ƙafa, kunama tana son ɗumi.

Ga yadda yini yake tafiya. Ku tashi kafin kiran salla, a naɗe kaya a duhu, a sha ruwa sosai, a yi asuba cikin jam'i da masu gari, a yi musu ban kwana. Da gari ya waye har ana ganin fuskar mutum, a ɗau hanya. Ba ma tafiyar duhu yanzu, ko da farin wata. Awa huɗu zuwa biyar na farko su ne tafiyar, kashi biyu cikin uku na yinin a nan ake cinye shi. Kowace awa a zauna kaɗan. Koko da ƙosai a garin farko da kuka tarar, ba a tsaya dafa komai da safe. Wannan lokaci ne ma mai wuridi ke yin wuridinsa, mai tilawa ya yi tilawa, baki bai bushe ba tukuna. Da hantsi ya ɗaga sosai, wajen sha ɗaya, ku nemi inuwa: rumfar kasuwa, gindin bedi, barandar masallaci. Gawo ma yana da ganye a wannan lokaci, amma ka share ƙaya kafin ka shimfiɗa tabarma. Nan za ku ci, ku yi barci, ku wanke safa ku shanya bisa jaka. Bayan la'asar sai ɗan guntun da ya rage, awa ɗaya da rabi ko biyu.

Ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motocin da ke tahowa, ɗaya bayan ɗaya. Manyan motocin albasa na Galmi da na siminti na Malbaza ba su da wurin kauce muku, bas-bas na kamfani kuma iskarsu kaɗai tana iya tura mai jaka. In ka ji biyu za su haɗu a kusa da kai, sauka ƙasa gaba ɗaya.

Ruwa kar ka jira ƙishirwa, hunturu yana busar da mutum bai sani ba. Kurɓa kaɗan-kaɗan, ka cika jarka a duk famfon da ka gani ko da ba ta ƙare ba. Fitsarinka ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi ja ya ƙaranta, ruwa ya yi kaɗan. Na rijiya a tace da mayani mai tsabta a sa ƙwayar tsarkake ruwa da ake samu a farmasi, na tabki kuwa a bar wa shanu. In zawo ya kama wani, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, ya yi ta sha, kuma ranar an gama tafiya. Guzuri mai jure hanya shi ne ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, aya, da gumba. Fura da nono suna ko'ina, amma a tsakiyar rana suna kashe jiki, ka sha ka ji ba abin da kake so sai barci, don haka a sha su a wurin hutu. A Madawa ma'aji ya saki hannu a sayi kilishi, ba a wuce garin haka nan. Wanda ya saba da goro ko shayi ya riƙe nasa. Ciwon kan rashinsu ya fi na rana.

Salla tana da sauƙi ga matafiyi, ka karɓi sauƙin. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80, ana ƙasaru: azahar, la'asar da isha raka'a biyu-biyu, daga inda ka bar gidajen gari. In ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ƙasaru ta yanke. In ka bi limamin gari, cika tare da shi. Inda ruwa ya yi ƙaranci har kana tsoron ƙishirwa, yi taimama ka bar na jarka don sha.

Sai masauki, wanda shi ne rabin tafiyar. Ku shiga gari da sauran rana, kafin magariba. Baƙon da ya iso da duhu yanzu abin tsoro ne, kuma ba laifin mutane ba ne. Kar ku zarce masallaci ku baje kaya kamar na gidanku. Ku tambayi ƙofar mai gari, shugabanku ya yi gaba, a cire takalmi, a durƙusa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, kar a katse ta.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Maraɗi, za mu ziyara Hubbaren Shehu. Muna neman inda za mu sa haƙarƙari zuwa asuba."

"Da ƙafa? Ikon Allah. To, maraba da ku. Kai, yaro, kai su zauren liman, a kawo musu ruwa."

Yawanci haka take ƙarewa. Ku faɗi sunayenku da unguwarku, ku nuna kati tun ba a tambaya ba. In aka ce ba wuri, ku yi godiya ku nufi gari na gaba, shi ya sa ake isowa da sauran rana. Abin da aka kawo a ci, ko tuwon dawa ne da miyar kuka ba mai. Kar wani ya yatsina fuska, kar kuma a sharɓe kwano tas, yaran gidan suna jiran ragowa. Kuɗi a hannun mai gida cin fuska ne. Abin da ake yi, a ba shi goro, a aika wa uwargida sabulu ko sukari ta hannun yaro, a ce "a kai wa Inna, a ce mun gode." Ka tambayi inda ake kewayawa tun da haske. Ka share zauren kafin ka fita. Kar a yi siyasa, kar a yi gardamar ɗarika, kar a ɗauki hoton kowa ba izini. Za a ce ku yi musu addu'a in kun isa; ni ina rubuta sunan garin a littafin ma'aji don kar alkawari ya zube a hanya. Abin da kuka bari a garin nan shi ayarin da ke bayanku zai tarar, ko tabarma ko rufaffiyar ƙofa.

In da mata a ayarin, tare da muharramansu, su cikin gida ake shigar da su wurin matan mai gari, kuma sau da yawa sun fi mu samun gata. Ba sabon abu ba ne: tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matan ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru suke takowa wurinta da ƙafa, jajinsu tana gaba da malfa.

Dare ba shi da tsawo. Salula a kai wa mai caji tun da magariba, a kira gida a faɗi sunan garin da aka kwana da wanda za a nufa gobe. Kuɗi da kati a ƙarƙashin kai. Mai minshari a ba shi bakin ƙofa. Ranar Juma'a a yi ta a babban gari, a yi wanki na gaske, a yi aski, a kai takalmi wurin mai gyara.

Wata rana za ta zo da wani zai kasa. Sau da yawa ba tsoho ba ne, saurayin da ya fi kowa cika baki ne. Kar ku tsaya kuna yi masa wa'azin haƙuri. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya da ƙafa, sai ya ce Allah ba ya bukatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Ku tsayar da mota ko kabu-kabu, ma'aji ya biya daga asusu, mutum ɗaya ya raka shi, su jira ku a gaba. Kuma kar a mayar da abin abin tsokana in an dawo gida.

Wajen Galmi za a nuna muku yankin Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754. Mutane da yawa ba su san a ƙasarmu aka haife shi ba. Ɗagel, inda ya zauna yana karantarwa kafin hijirar 1804, tana ƙasar Gwadabawa. Duk biyun ratse ne daga kwalta, sai mutanen wurin sun ce lafiya lau sannan a je.

A Ƙwanni ku kwana, ku canji sefa zuwa naira kaɗan, daidai ta 'yan kwanaki, ku tambayi halin da iyaka take ciki, don tun rufewar 2023 ƙa'idojinta suna canjawa. Ku tsallaka da safe, ta ƙofa, ba ta daji ba. Jandarmomi da 'yan duwan da jami'an can ɓangaren za su yi mamakin ganinku da ƙafa, za su zazzage jaka. Mutum ɗaya ya riƙa amsawa, saura su yi shiru, salula tana aljihu. Ku kira gida kafin layin Nijar ya ɗauke. Daga Illela ƙauyuka sun fi kusa da juna, ruwa da abinci ba wuya, amma shingayen bincike sun fi yawa, dokar isowa da rana kuma ta ƙara ƙarfi.

Ku shirya zangon ƙarshe ya zama gajere, ku shiga Sakkwato da hantsi, ku sami masauki, ku yi wanka ku canja kaya kafin ku nufi Hubbare, wanda yake cikin tsohon gari, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi. Shehu ya rasu a 1817. A cire takalmi, a bi abin da masu kula da wurin suka ce, a yi sallama, a yi addu'a, a karanto sunayen garuruwan nan da ke cikin littafi, a ba na baya wuri. Ka tanadi canji don masu bara a ƙofa, suna da yawa.

Kuɗin motar komawa kar ya taɓa shiga asusun hanya. Ɗinke shi a cikin ƙugun wando tun daga Maraɗi, tare da na tsaraba, domin ba za ka shiga gida hannu biyu ba bayan unguwa duka ta san inda ka je. A mota ka nemi kujerar da za ka miƙe ƙafa, ka sauka ka ɗan taka duk inda aka tsaya, in ba haka ba za ta kumbura har silifa ya ƙi shiga. In ka iso, ba wa jikinka kwana biyu ko uku kafin ka buɗe shago, ka ci gaba da shafa man kaɗe har fason ya rufe.